Kujerar Dogon Numfashi

Akwatin ya ƙi shiga ƙofar. Mai Gyaran Rediyo ya karkata shi, ya ɗora gwiwa ya tura, sai kusurwar katakon ta kankare fentin ƙyauren maƙwabcina, ta bar farin zane mai tsawo. Ina tsaye a bakin tawa ƙofar, hannuwana a baya, ina kallo. Baƙin akwati ne mai fuskar raga, irin wanda ake ƙara wa sauti ƙarfi da shi, an naɗe masa doguwar waya a jikin mariƙinsa.

Na tambaye shi ko ya san marar lafiya ne a gidan nan. Ya ce ya sani, ai marar lafiyar ne ya aiko shi. Na tambaye shi me mutumin da ba ya iya tashi zaune sai an tallafe shi zai yi da wannan kaya. Bai dube ni ba.

"Yallaɓai, ni dai an ce in kawo ne," in ji shi. "In da tambaya, ga mai gidan can a kwance, ba inda za shi."

Akwatin ya samu ya shige, mutumin ya mayar da ƙyauren da ƙafa. Ban saba a rufe mini ƙofa da ƙafa ba. Na yi aikin magatakardar kotu har na ajiye, kuma aikin ya koya mini cewa duk wanda ke amsa tambaya yana kallon wani wuri, akwai abin da yake tarewa da bayansa.

Maƙwabcin nawa shi ne Dogon Numfashi. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin kwanansa da falona. Saksafon yake busawa, wanda mu a tsakaninmu ƙaho kawai muke ce masa, kuma ya samo laƙabinsa tun muna samari, lokacin da yakan riƙe murya guda har mai rabon lemo ya kai teburin ƙarshe ya dawo. Ni fiyano nake kaɗawa. A da mu duka 'yan Majalisa ne, wato ƙungiyarmu ta makaɗan jaz da ke zama a wani ɗakin sama, bisa shagon masu sayar da katako. Kowane ɗan Majalisa yana da kujerarsa. Ba mu da rubutacciyar doka. Abin da aka yi a baya shi ne dokarmu, kuma ni ne mai riƙe da shi a ka.

Muna da al'ada guda wadda ta fi kowace nauyi. Idan ɗan Majalisa ya rasu, sai a ɗora kayan kiɗansa bisa kujerarsa, sauran mu yi kiɗa, in an zo gurbin da shi zai shiga kada kowa ya cike masa. Ganga da fiyano su ci gaba a ƙasa, saman kuwa a bar shi fili har gurbin ya wuce. Wanda ya mutu ba shi da kujera, ba a yi masa.

Dogon Numfashi ba shi da kujera. Shekaru masu yawa da suka wuce ya hau mana ɗakin sama da waya maƙale a bakin ƙahonsa, da mai gitar lantarki a bayansa, wanda shi ne Mai Gyaran Rediyon nan tun gashinsa yana baƙi. Suka yi mana wani kiɗa nasu. Jaz yana da taku, yana rangaji, ƙafa ɗaya tana ɗan jinkiri ɗayar tana cim mata. Wannan kuwa bugunsa a miƙe yake, daidai wa daida, ba sassauci, kamar injin da aka kunna aka manta da shi. Tela, mai gangarmu kuma shugabanmu, ya ce wannan ai injin niƙa ne. Dogon Numfashi ya yi dariya ya ce ya gode, dama yana neman suna. Daga ranar kiɗan ya zama Injin Niƙa.

Shi ya ce fiyushan ne, wato jaz da aka gauraya da wasu kaɗe-kaɗe, kuma ɗan jaz ne na halal. Mu muka ce haɗin gambiza ne. Aka daɗe ana ja. Wani ya ce bambancin a bugun ganga yake, wani ya ce a ƙarar yake, wani ya ce ai su ma suna ƙirƙira nan take kamar yadda muke yi, don haka ba za a kama su ta nan ba. Da na ga maganar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai na kawo musu abin da ido zai iya gani, domin hukunci ba ya zama bisa abin da kunnuwa za su yi gardama a kai. Na ce duk kiɗan da sai an jona shi a bango kafin ya yi magana, ba jaz ba ne. Aka amince. Ya ƙi cire wayar, aka sauke kujerarsa zuwa ɗakin ajiya. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakanina da shi, sai aron tsani in rufi ya yi yoyo.

Kafin zuwan akwatin da 'yan kwanaki, Auta ta shigo falona. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ita ke jinyarsa tun rasuwar mahaifiyarta, kuma a gabana aka yi goyonta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi zama kan kujera. Ta ce likita ya ce huhun babanta ya gama aiki, abin da ya rage sai lallaɓawa. Ta ce ba ya maganar gida, ba ya maganar magani, kullum maganarsa kujerar nan.

"Baba Magatakarda, ba ya so a ce ya tafi ba a bar masa gurbi ba. Ni ban san kan abin ba, amma na san shi yake hana shi barci."

Na ce mata ba ni na kore shi ba, ƙa'ida ce, kuma ƙa'ida ce za ta dawo da shi. An taɓa yi. Marigayi Akawu, mai busa sarewa, ya bar mu ya bi masu kiɗan lantarki na wuraren biki, da ya gaji ya nemi dawowa. Abin da aka yi masa shi ne ya tsaya gaban 'yan Majalisa biyu ya busa kiɗa guda daga farko har ƙarshe, da numfashinsa, ba waya. Aka mayar masa da kujerarsa. Ta dube ni ta ce mutumin da ba ya iya hura shayi ne zai busa ƙaho? Na ce ban da wata hanya da na sani. Ta tashi ta fita ba ta yi sallama ba. Washegari ta leƙo ta ce ya yarda, a ba shi 'yan kwanaki ya shirya.

Wannan saurin yardar shi ya fara tsaya mini a rai. Na san mutumin. Ko farashin tumatir bai taɓa yarda da shi a karon farko ba.

Sai ga akwati. Kuma da la'asar ɗin ranar, ina zaune a falo, ƙaho ya taso ta cikin katanga, cike, da kauri, kamar na mai shekara talatin. Tsohon kiɗa ne irin namu, mai taku, wanda ba ɗan Majalisar da zai yi masa gyara. Na ajiye kofin da ke hannuna. Mutumin da aka ce huhunsa ya ƙare ba ya fitar da wannan sauti. Abu biyu ne: ko dai ciwon bai kai yadda ake faɗa ba, ana so a saya masa tausayinmu, ko kuma tsohon faifansa ne suke sakawa ta cikin akwatin, ranar gwaji ya sa ƙaho a baki ya motsa yatsu, mu tsofaffi biyu mu gyaɗa kai.

Haka aka yi ta yi kowace la'asar. Na matso da kujerata jikin katanga. Wata rana kiɗan ya yanke a tsakiya, tari ya biyo baya, mai tsawo, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na ce a raina lallai sun iya shiri, har tari sun tanada. Mai ɗakina ta same ni a haka, kunnena a jikin siminti.

"Malam, bawan Allah yana fama da ransa, kai kuma ka kafa masa kunne kamar ɗan sandan ciki. Ƙofarsa fa ba a kulle take ba."

Na ce mata mai shaida ba ya kai wa wanda zai yi wa shaida ziyara kafin zama. Ta ce ai ba kotu ba ce. Na ce ko'ina aka yi ƙa'ida, kotu ce. Ta ɗauke kofin ta tafi tana magana ƙasa-ƙasa.

Na kuma lura da Mai Gyaran Rediyo. Kullum yakan zo gab da kiɗan ya fara, ya tafi bayan ya ƙare, da 'yar jakar kayan aiki a hammata. In ya hange ni sai ya tsallaka ɗaya gefen titin, ya tsaya yana duba tayoyin da mai faci ya jera kamar zai saya, alhali ko keke ba shi da shi. Na kai wa Tela labarin duka a shagonsa. Tela ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi a bayan ganga, sai ka faɗi abu sau biyu. Ya cire allura daga bakinsa ya ce idan mutum ya kai ga yin ƙarya don ya dawo cikinmu, ai wannan ma girmamawa ce. Na ce idan aka bar kujera ta samu da faifai, gobe duk mai rediyo ɗan Majalisa ne. Ya ce to, mu je mu gani, ni ne mai kunne.

Ranar da aka sa, muka shiga da rana tsaka, domin Auta ta ce a lokacin ne ƙirjinsa yake ɗan sakinsa. Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. Gadon ƙarfe ne, an tara masa matasai har ya zama kamar a zaune. A gefe ga doguwar tukunyar iskar numfashi da siririyar robarta zuwa hancinsa, ga roba ta wanke hannu a ƙasa, ga magunguna jere a kan tagar da ke kallon lungu. Ya rame har agogonsa ya sauko tsakiyar damtse. Ƙahon yana kwance a ƙirjinsa, ya dushe, an ɗaure ɗaya daga cikin maɓallansa da robar ɗaure gashi. Mai Gyaran Rediyo yana tsaye a bakin ƙofa.

Akwatin kuwa an lulluɓe shi da zanen tebur, an ɗora masa faranti da kofuna, amma zanen bai kai ƙasa ba, fuskar ragar tana leƙe. Na gaishe da mai jiki yadda ya kamata, na yi masa sannu, sannan na nemi izinin Auta na sauke farantin, na yaye zanen. Na duba bayan akwatin, na duba bayan labule, na sunkuya na leƙa ƙarƙashin gado.

"Magatakarda," in ji shi, muryarsa kamar ana goga takarda, "dubiya ka zo ko binciken gida? In bincike ne, ka duba mini takalmina ƙafa ɗaya, tun bara nake nemansa."

Ban sami faifai ba, ban sami kaset ba. Abin da na samu waya ce guda, ta fito daga akwatin ta bi ƙafar gado ta haura cikin bargo. Na bi ta da yatsa har bakin ƙahon, inda aka maƙala wani ɗan makirufo bai fi ƙwayar dabino ba. Na ɗaga shi na nuna wa Tela.

Dogon Numfashi bai musa ba. Ya ce duk abin da na ji ta katanga shi ne ya busa, amma iskar da ta rage masa ba za ta kashe ashana ba, akwatin ne yake ɗaukar ɗan abin ya girmama shi. Ya yi magana a gutsure, yana hutawa tsakanin kalmomi. Ya ce mu da muke cewa haɗin gambiza, shi jaz ɗin wa ya haife shi shi kaɗai? Ƙahon daga makaɗan badujalar sojoji aka aro shi, fiyanon daga ɗakunan ibada da na shaye-shaye, gangar daga wani wuri daban, duk aka zuba a tukunya ɗaya, sai da ya dahu muka zo muka ce kada a ƙara komai. Ya ce sunan fiyushan ma masu sayar da faifai ne suka rasa kantar da za su jera shi, suka laƙaba masa. Na ce masa ba mu zo sake shari'ar da aka gama ba. Hukunci yana nan, hanyar dawowa tana nan.

Ya rufe ido na ɗan lokaci, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sannan ya buɗe.

"To faɗi sharaɗin da bakinka. Da ƙarfi, Tela ya ji."

"Kiɗa guda, daga farko har ƙarshe, da numfashinka, ba waya."

"Shi ke nan? Ba wani a ɓoye cikin aljihu?"

"Babu. Haka aka yi wa Akawu, haka za a yi maka."

"Tela, ka ji?"

Tela ya ce ya ji. Sai Dogon Numfashi ya juya ga 'yarsa ya ce ta zare wayar.

Auta ba ta motsa ba. Ta ce in babu akwatin zai tilasta wa ƙirjinsa, kuma likita ya gargaɗe ta. Ta juyo gare ni, idonta ya kaɗa, ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake sa marar lafiya jarrabawa a kan gadonsa ba, kuma da ba don girmana da take gani ba da ta faɗi abin da ke bakinta. Na ce mata ba wanda ya tilasta shi, yana iya fasawa, ba kuma zan ga laifinsa ba. Shi kuwa ya miƙa hannu ya dafa nata.

"Zare, uwata. Kar ki hana Magatakarda aikinsa."

Ta zare filogin daga bango, ta ciro ɗan makirufon, ta ajiye su a kan taga da ƙarfin da bai kamata ba. Ta gyara masa matasai, ta ɗora masa ƙahon a baki, ta riƙe masa gindinsa domin hannunsa ba zai ɗauki nauyin ba.

Ya fara. Ba a ji komai ba. Kumatunsa sun motsa, yatsunsa suna hawa da sauka, maɓallan suna ɗan ƙwas-ƙwas, amma sauti babu, sai hucin tukunyar iska da bugun gudumar mai faci daga lungu. Tela ya dube ni. Na matsa kusa da gadon. Har yanzu babu. Na sunkuya, bayana ya ƙi, sai na dafa ƙarfen gadon na sauke gwiwoyina a kan siminti, na kai kunnena bakin ƙahon har ina jin sanyin tagullar a kumatuna.

A can ciki akwai kiɗa. Siriri ne kamar zare, rabinsa iska, amma muryoyin suna nan kowace a mazauninta. Da farko ban gane shi ba, domin ban taɓa jinsa ba tare da ƙara ba. Sai na ji yadda maɓallan ke faɗuwa: a miƙe, daidai wa daida, ba jinkiri, ba rangaji. Injin Niƙa ne. Kiɗan da aka kore shi a kansa shi yake busa mini a kunne, ba waya, a gaban shaidu biyu.

Na yi niyyar ɗagowa, amma sharaɗin ya ce daga farko har ƙarshe, kuma ni ne kaɗai mai ji. Na zauna a haka. Da ya kai tsakiya ya saki hanyar kiɗan ya shiga ƙirƙira. Ba shi da iskar dogon zance, sai ya riƙa ajiye muryoyi biyu, uku, ya yi shiru, ya dawo ta inda ban zata ba, shirun ma yana cikin lissafin. Zan faɗi abin da na ji domin bai halatta a rage shaida ba: na yi zama da masu busa da yawa, kaɗan ne na ji sun yi abin da ya yi a wannan gurbin. Ya komo kan hanya, ya sauke, ya riƙe muryar ƙarshe gwargwadon abin da ƙirjinsa ya ba shi, ba ta daɗe ba. Ƙahon ya zame daga bakinsa. Tari ya kama shi, Auta ta rungume kansa. Ta saman kafaɗarta ido ɗaya yana kallona, kuma ba idon mai neman tausayi ba ne.

Mai Gyaran Rediyo ne ya ɗago ni, ban roƙe shi ba. Tela ya matso da bakinsa kusa da ni, a zatonsa raɗa yake yi.

"Ya busa?"

"Ya busa."

"Har ƙarshe? Ba waya?"

"Har ƙarshe, ba waya."

"To alhamdu lillahi. Me ya busa?"

Na ce zan faɗa a Majalisa. Tela ya kama hannun mai jiki ya ce masa kujerarsa tana jiransa, ƙura ce kawai za a kaɗe. Muka yi sallama.

Sai da na raka Tela bakin titi, ya hau mota ya tafi, sannan ragowar al'adar ta faɗo mini. Kiɗan da ake yi wa mamaci ba zaɓa ake yi ba. Kiɗan ƙarshe da ya yi a gaban 'yan Majalisa shi ake yi masa. Haka aka yi wa Akawu, haka aka yi wa duk wanda ya riga shi. Dogon Numfashi ya san wannan kamar yadda na sani, domin yana wurin aka kafa ta. Na tsaya a gefen kwata, masu babura suna kauce mini. Na shiga jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya: saurin yardarsa, akwatin da aka shigo da shi da rana a gabana, tsofaffin kaɗe-kaɗen da aka yi ta turo mini ta katanga, zanen teburin da bai rufe komai ba. An ba ni waya in bi, na bi ta da yatsana har ƙarshe, na kuma faɗa da bakina cewa ita kaɗai ce sharaɗi. Bai taɓa nufin busawa da akwatin nan a gabanmu ba. Haka nake zato, kuma har yau ban sami wanda ya tabbatar mini ba.

Washegari na koma, da niyyar in ce masa shaidar ta yi rauni tunda mutum ɗaya ne ya ji, ya ƙara mana wani kiɗan ko gajere ne. Auta ta tare ni a ƙofar ɗakin. Ta ce tun jiya bai sami kansa ba, likita ya zo ya yi faɗa, ya sa an mayar da ƙahon cikin gidansa an ɗora bisa kabad. Na leƙa. Yana kwance, idanunsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe. Na daɗe ina kallon fatar idon, domin na ga kamar tana motsi fiye da ta mai barci. Na tambayi Auta ko ta san abin da ya busa. Ta ce ita gindin ƙaho kawai ta riƙe. Na tambaye ta wa ya ce a rufe akwatin da zanen tebur. Ta ce wurin ajiye kofuna ne ya yi musu kaɗan. Ta faɗe shi tana kallona ido cikin ido, wanda hakan ma bai kwantar mini da hankali ba, domin 'yar ubanta ce.

Bai sake busawa ba. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na ji ana gangaro da tukunyar iskar a kan simintin tsakar gidansu, tana ƙugi, sannan na ji muryar Auta. Mai ɗakina ta ɗauki mayafinta ta fita. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. A hanyar dawowa Mai Gyaran Rediyo ya jero da ni, karo na farko bai tsallaka titi ba, amma ban tambaye shi komai ba.

Kafin zaman Majalisa Tela ya ja ni gefe a kan matakala. Na gaya masa sunan kiɗan. Ya shafa gemu. Sannan ya ce ai ba wanda ya ji sai ni, shi kansa yatsu kawai ya gani. In ambaci ɗaya daga cikin tsofaffin kaɗe-kaɗen da ya yi ta busawa ta katanga, kowa ya huta, mamaci ya sami gurbinsa, Majalisa ta tsira da mutuncinta. Na ce masa na yi aikin kotu tun ina saurayi har furfura, ban taɓa rubuta wa mai shaida abin da bai faɗa ba, ba kuma zan fara da mamaci ba.

Na tsaya gaban 'yan Majalisa na ba da shaida yadda ta faru. Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Mai babbar gita ya ce wannan zamba ce cikin aminci. Wani ya ce fiyushan fiyushan ne ko da a cikin rijiya aka busa shi, bugun ne ya sa ya zama haka, ba wayar ba. Na ce mai yiwuwa ne, amma wannan maganar an kawo ta a wancan zaman ba ta sami rinjaye ba. Abin da aka zartar waya ce, kuma bai taɓa waya ba. Wanda yake so a sake fayyace mene ne jaz ya kawo ƙudurinsa a tattauna, zai hau kan masu rai, ba zai koma baya ya kama wanda ya riga ya cika sharaɗi ba. Aka tambaye ni ko ni a ganina jaz ne abin da na ji. Na ce ba a kira ni in faɗi ganina ba.

Tela ya ce shi hannunsa bai san wannan bugun ba, shekarunsa duk a rangaji ya yi su. Na ce zai koya, ni ma zan koya, muna da lokaci zuwa zama mai zuwa. Aka aika ƙasa aka hauro da kujerar. Ƙafarta ɗaya ta saki, masu katako suka buga mata ƙusa. Aka ajiye ta a inda take a da, tsakanin fiyano da taga.

Da na dawo gida ban buɗe fiyanon ba, saboda gidan makoki yana jikin katanga. Na zauna gabansa a rufe, na ɗora hannun hagu bisa murfin ina gwada bugun a kan katako. Sai in yi kaɗan a miƙe, yatsun su zame su koma rangajinsu, in tsaya in sake daga farko. Ta taga ina hango katifarsa an shanya ta bisa katanga, da ɗan kwarin da jikinsa ya bari a tsakiya. Auta ta fito, ta taɓa ta da bayan hannu, ta juya ta ɗaya gefen ya sha rana, ta koma ciki.